Ƙirjin Baba Idirisu

Ƙwayar 'yar ƙarama ce, fara, kuma Batulu ce mai ba da ita. Kowace safiya kafin ta fita da tukunyar koko bakin titi, sai ta zuba wa mijinta ludayi biyu a kwanon sha, ta ɗora masa ƙwayar a tafin hannu, ta tsaya a kansa har ta ga maƙogwaro ya motsa. Wata bakwai ke nan ana haka a gidan Baba Idirisu dillalin shanu, a Zangon Kumasi. Mutumin da a da sai ya dafe bangon bayi yana nishi kafin ɗigo uku su fito, yanzu yana fitsari kamar kowa. Har kara, kasuwar shanu, ya koma zuwa, yana dafa bayan sa yana musu da mahauta.

Likita bai ɓoye musu komai ba tun farko. Ya ce ciwon daji ne a wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kuma ya riga ya taɓa ƙashin ƙugu. Abincin ciwon shi ne ƙarfin namiji da ke cikin jini, ƙwayar nan kuwa irin sinadarin jikin mata ce, tana hana shi abinci. Amma yunwa kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da wani haske da ake saita na'ura a haska daidai inda ciwon ya yi sheƙa. Na'urar babu ita a kusa, sai an hau jirgi. Likitan ya rubuta wa wani abokin karatunsa, aka ba Idirisu rana a watan Disamba, takardar tana nan a gwangwanin da Batulu ke ajiye katin asibiti. Ya gargaɗe su kada a yi fashin ƙwayar ko na kwana ɗaya. Ya kuma faɗa musu abin da za ta jawo, cewa ƙirji zai taso.

Ya kuwa taso. Ranar da Idirisu ya fara lura, dariya ya yi har da tari.

"Batulu, zo ki ga abin da tsufa ya yi mini. Saura ki ara mini zane."

"In dai kana fitsari, Malam, ko goyo ka ɗauka ba ruwana."

Babbar riga ta rufe zancen, kuma da an bar su su biyu da shi ke nan. Amma suna da ɗa.

Sumana ne ɗansu na fari, mai manyan motoci a tasha, mai agogon da ke riga shi shiga ɗaki. Bara wani abokin gasarsa ya kai uwarsa Makka, aka yi kwana uku ana girki a ƙofar gidansa, abin ya tsaya wa Sumana a wuya shekara guda. Saboda haka bana ya miƙe bayan sallar Juma'a, ya sanar da jama'a cewa zai kai mahaifinsa aikin hajji. Aka yi ta kabbara, aka yi ta shafa masa kafaɗa. Mahaifin kuwa a bakin mai aski ya ji labari.

Wata ranar Lahadi a watan Sha'aban Sumana ya shigo da fararen mayafai biyu a leda, bayansa Alfa Abukari, ƙanen Idirisu. Alfa bai taɓa wuce Ankara babban birnin ƙasar ba, amma shi ke koya wa maniyyatan unguwa yadda ake ɗaura harami, kuma yana yi da muryar wanda aka haifa a gindin Ka'aba.

"Yaya, cire riga," in ji Alfa. "Can ba riga, ba wando, ba hula. Ɗaya a ƙugu, ɗaya a wuya, kafaɗar dama a waje."

Idirisu ya dubi Batulu, ta sunkuyar da kai. Ya cire rigar.

Ƙirjin ya bayyana. Alfa ya saki mayafin ya ja da baya yana salati, sai ka ce maciji ya gani. Sumana kuwa ya matso, ya sunkuya, ya ƙura ido.

"Mma, mi ke nan?"

"Magani ne," Batulu ta faɗa tana kallon bango. "Dokita ya ce haka zai yi."

"Dokita ya ce, ku kuka yi shiru? Mutum arba'in za mu tashi daga Zongo. Tanti ɗaya za mu kwana, wurin wanka ɗaya. Su dawo su ce mi? Su ce Sumana ya kai uwa biyu Makka?"

"Ni ban ce a kai ni bana ba," in ji Idirisu, yana laluben rigarsa. "Ku bari in je a haska ni. In Allah ya kai mu baɗi, sai mu tafi."

"An riga an faɗa a masallaci, Baaba."

Daga nan Alfa ya karɓe. Ya ce namijin da ya kamanta kansa da mace ba ƙaramin zunubi ya ɗauka ba, shi bai ma tabbata haramin irin wannan zai ɗauru ba. Haske kuwa, ya ce, sunan wuta ne aka gyara. Wane mumini ne zai hau jirgi da ƙafarsa ya kai kansa a ƙona shi tun a duniya? Ya yi maganar da kyau ƙwarai, har ya ji daɗin kansa ya maimaita.

Sumana ya buɗe gwangwanin, ya ɗauki kwalbar ƙwayar da katin asibiti da takardar likita, ya zura a aljihun gaba.

"Wata uku pɛ, uku kacal," ya ce. "Abin ya sauka, mu je mu dawo, sai ya ci gaba da sha. Ba wanda ya hana shi magani. Sai an dawo."

Batulu ta ji abin da ke bakinta ya fi a ƙirga, amma ta haɗiye. Ɗan fari ne. Shekara talatin da takwas ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, haka uwarta ta koya mata kunya. In tana da magana da shi, bango take faɗa wa. Ta juya ta ce wa bangon, "A gaya wa mai motocin nan dokita ya ce ko kwana ɗaya kada a fasa." Mai motocin ya riga ya kai zaure.

Mako biyu babu abin da ya faru, Alfa ya yi ta yawo da wannan a matsayin hujja. A mako na uku Idirisu ya koma dafa bango. Da azumi ya kama, ƙugu ya fara, irin ciwon da ke hana mutum zama ya kuma hana shi kwanciya. Batulu tana jin nishinsa daga bakin murhu, tana dama koko hawaye na zuba, ta share da gefen zane kada ya faɗa a tukunya.

Alfa ya ce azumi ne, kowa ma yana jin jiki. Ya kawo rubutu a kwalba, ya ce a sha da buɗa baki.

Sumana yakan zo duk Juma'a bayan masallaci, da turare da sabon takalmi. Bai taɓa tambayar fitsari ba, bai taɓa tambayar barci ba. Sai ya ce a ɗaga riga, ya sa yatsa ya danna ƙirjin ubansa kamar mai taya rago.

"Kamar ya ɗan sauka."

"Bai sauka ba," in ji Idirisu. "Ni ne nake sauka. Ɗana, ba ni ko rabi. Rabi a rana, ba wanda zai gani."

"Baaba, ka yi haƙuri, saura kaɗan. Sai an dawo."

Da aka ga abin ya ƙi sauka, Alfa ya kawo dabara. Ya ce a gasa da ruwan zafi safe da yamma, sannan a ɗaure tamau da rawani, yadda mata ke yi in sun yaye. Su biyu suka kama tsohon suka naɗe shi, Sumana na ja, Alfa na ƙullewa, shi kuwa numfashi ma da ƙyar. Suna fita Batulu ta kwance. Sumana ya gane, ya ce daga yau shi zai riƙa zuwa kullum da kansa. Wannan ne karo na farko da ya ga ubansa kwana bakwai a jere.

A cikin azumin nan ne gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu. Zango ya hargitse. Maƙwabtan shekara talatin suna fitar da gadaje da tukwane bakin hanya, 'yan sanda suna tare mutane suna neman takarda. A Zango aka haifi Batulu, a nan aka binne cibiyarta, amma ba ta da ko guntun takarda da ya ce haka. Duk da haka ta ɗaura zane irin na matan Asante, ta bi ta bayan Manhyia, fadar sarkinsu, da ƙafa, duk wanda ya yi mata magana ta amsa da Tuwi, yarensu, har ta isa asibiti.

Ma'aikacin da ke taga ya tambayi kati. Ta ce yana hannun ɗanta. Ya tambayi lamba, ba ta sani ba. Ya dube ta, ya sassauta murya.

"Maame, wannan magani ba a ba da shi a hannu haka. Kawo mara lafiyan, ko ba kati dokita zai gan shi. Yaushe ya daina sha?"

"Mako shida."

"Ei! Wa ya ce ya daina? Kawo shi gobe, kar ki bari ya kai jibi."

Washegari da hantsi ta tsayar da taksi a ƙofar gida. Ita da direban sun tallabo Idirisu har tsakar gida, sai ga Sumana. Ya dubi direban, direban ya saki hannun tsohon ya koma motarsa.

"A ce an ɗauki ubana a taksi kamar ba shi da ɗa? Ni da ke da motoci?"

Motocin nasa kuwa duk suna hanyar iyaka, cike da mutanen da aka kora, kowa da kayansa a ka. Kasuwar Sumana ba ta taɓa buɗewa irin ta wannan wata ba.

"Kuma kin san ana kwashe mutane a layin asibiti?" ya ƙara. "In aka jefa shi a mota aka kai shi iyaka, ke za ki je ki ɗauko shi? Ni kare shi nake."

Batulu ta saki mijinta a kan turmi, ta miƙe, ta kalli ɗanta a ido.

"Sumana."

Matan da ke haya a gidan, waɗanda ke wanke-wanke a bakin famfo, suka tsaya cak. Duk gidan ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta.

"Sumana, ubanka zai mutu. Ka ba ni kwalbar."

Kunnuwan Sumana suka motsa. Sannan ya dubi matan ya yi murmushi, irin na mai ba da haƙuri a madadin wani.

"Mma ta gaji. Ku taimaka ku mai da Baaba ɗaki."

Abin da ta adana shekara talatin da takwas ta kashe shi a rana ɗaya, bai saya mata ko rabin ƙwaya ba. Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, ta ji kunya da baƙin ciki har ba ta san wanda ya fi ba.

Ranar da aka ba su a asibitin waje ta zo ta wuce, takardar na aljihun Sumana. Bayan ƙaramar salla Idirisu ya daina fita ko bayi. Fitsarin da ya ƙi fita da izini ya koma fita ba izini, Batulu tana wanke zannuwa sau uku a rana tana shanyawa a bayan ɗaki don kada a gani. Wata safiya a watan Janairu ya ce mata ta cire masa bargon da ke kan ƙafafunsa, ya yi nauyi. Babu bargo a kansu. Ta tsunkule shi a ɗan yatsa, ta tsunkule shi a gwiwa, yana kallon rufi bai sani ba.

Sumana ya ce ba komai, a can akwai ƙarti masu ɗaukar tsofaffi a kan gado su yi ɗawafi da su. Da wakilin maniyyata ya zo ya leƙa ɗakin, ya toshe hanci ya ce ba jirgin da zai ɗauki wannan, sai Sumana ya shiga damuwa ta gaske, irin wadda bai shiga ba duk wata ukun nan. Kujerar uban ta riga ta samu, an kuma faɗa a masallaci.

Alfa Abukari ne ya fitar da shi. Ya ce ai shari'a ta yarda ɗan'uwa ya yi wa ɗan'uwansa mara lafiya hajji, ladan duk na Yaya ne, shi wahalar kawai zai ɗauka. Wani ya tuna masa cewa sai wanda ya yi nasa ke yi wa wani. Alfa ya ce akwai saɓanin malamai. Bai taɓa samo shafi da sauri irin na ranar ba, kuma mayafan nan biyu sun yi masa daidai.

Ranar tafiya gidan ya cika tun da sassafe. An yanka rago, mata na ta guɗa, babbar motar da za ta kai maniyyata Ankara tana tsaye a bakin titi an ɗaura mata ganye. Sumana ya sa an turara ɗakin ubansa har hayaƙi na fita ta taga, an naɗe ƙirjin da rawani, an saka masa sabuwar riga mai aiki. Al'ada ce maniyyaci ya bi dangi yana neman gafara kafin ya tashi, ya kuma gama da iyaye. Sumana bai so a yi wannan a ɓoye ba. Ya shigo da dattawan unguwa shida don su ji albarkar da kunnensu, cikinsu har da Talle mahauci, abokin Idirisu tun suna samari, ƙaton mutum da sai ya karkata kafin ya shiga ƙofa.

Sumana ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu, ya sa murya mai rawa.

"Baaba, zan tafi ɗakin Allah. Duk abin da na yi maka, na sani da ban sani ba, ka yafe mini."

Idirisu ya dube shi. Sannan ya ce, "Batulu, ɗaga ni."

Ta shiga bayansa ta jingina shi da jikinta. Bai fi nauyin ƙullin wanki ba.

"Cire mini rigar."

"Baaba," in ji Sumana.

"Cire. Kwance wannan ma."

Ta warware rawanin zagaye bayan zagaye. Haƙarƙari ya fito ɗaya ɗaya, da sawun ƙuna na ruwan zafi, da shatar ɗauri da ta ci fata. Komai na jikin ya zube, sai abu biyun nan, suna nan yadda suke ranar da aka ƙwace kwalbar.

"Ku duba," in ji Idirisu. "Maganin da ke riƙe da raina ne ya kawo su. Saboda kada ku gan su aka hana ni shi wata uku. To, ga su, ku gani, kada wahalar ta tafi a banza."

Alfa ya fara salati, ba wanda ya taya shi. Talle ya matso, ya sunkuya da ƙyar, ya duba. Sannan ya ɗago ya dubi Sumana, ya dubi Alfa.

"Wannan ne? Wannan ne duka?" Ya bugi nasa ƙirjin da tafin hannu, rigar ta girgiza. "Wallahi nawa sun ninka su. Da su na ɗaura harami shekara shida da suka wuce, ba wanda ya kalle ni koraa, ko sau ɗaya. Can kowa ta kansa yake, wa ke da idon kallon ƙirjin wani? Kai Abukari, da ka tambayi wanda ya je!"

Ba wanda ya yi dariya. A waje direba ya danna ham sau biyu, mata suka ƙara guɗa. Sumana na nan a durƙushe, hannuwansa a miƙe, gumi na bin wuyan sabuwar rigarsa.

"Baaba, mota na jira. Ka ce ka yafe."

"Wata uku ina roƙonka, kana ce mini sai an dawo," in ji Idirisu, a hankali, don numfashin ba shi da yawa. "Kai ma je ka. Sai ka dawo."

Duk wanda ke ɗakin ya san abin da aka faɗa, har Sumana. Ya dubi uwarsa, wataƙila ta sa baki. Batulu tana gyara wa mijinta matashi. Ham ya sake tashi. Mutum zai zaci ɗa zai ce a sauke akwatinsa. Sumana ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya fita yana ɗaga wa jama'a hannu, Alfa na biye da shi da buta.

Motar maniyyata ba ta kai unguwar Oforikrom ba Talle ya kawo motar ɗaukar nama, ya wanke bayanta da kansa, ya shimfiɗa tabarma, suka kai Idirisu asibiti. Likita ya duba ƙafafun, ya duba bayan, ya tambayi wanda ya tsayar da maganin. Batulu ta ce ɗansu. Bai ƙara tambayar komai ba. Ya sa aka zura roba aka fitar da fitsarin, ya mayar da shi kan ƙwayar, ya yi masa allurar da ta ba shi barci. Amma ya gaya mata gaskiya a baranda, cewa ciwon ya ci ƙashin baya ya wuce inda haske zai yi amfani.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ya rasu da la'asar, kansa a cinyar Batulu, Talle na karanta masa shahada.

Bayan babbar salla da mako uku alhazai suka dawo. Sumana ya sauko daga mota da haƙorin zinariya da farin rawani, ya ratsa masu taryarsa da sauri ya nufi ɗakin ubansa, yana sallama tun daga zaure. Ya tarar an share ɗakin, an fitar da gadon, katifar na naɗe a jikin bango. Batulu tana tsakar gida tana tace gasara, ba ta ɗago ba.

Da yamma aka yi girki a ƙofar gida, kwana uku ana yi. Mutane suna ta zuwa suna cewa Alhaji Sumana, yana amsawa.